Si Munji da Ɗanyar Manhaja

Duk wanda ya ce wauta ba ta sa tabarau, to bai taɓa cin karo da Si Munji ba.

A ƙauyenmu Ain Tarfa ba mu da wata dukiya sai dabino, dabino kuwa ba shi da uwa sai ruwa. Rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, inji ɗaya, magudana ɗaya mai ratsa lambuna, kowane lambu da lambarsa da awanninsa, yau ya sha gobe ya huta. Shekara ashirin da shida Ammi Shadli, wato Baffa Shadli, ke riƙe da rabon ruwan nan, tsoho ne da sai ka wuni da shi bai yi maka jimla biyar ba. Mai tsara masa jadawali ita ce Naziha, akawun ƙungiyar manoma, mace 'yar shekara hamsin wadda ta koyi kwamfuta da kanta, ba malami ba makaranta. Ita ta samo wata manhaja ta kyauta, irin wadda bayin Allah daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su rubuta su bar ta a buɗe, mai so ya ɗauka, mai iyawa ya gyara. Manhajar ce ke aika wa kowane manomi saƙo a waya: ƙarfe kaza ka buɗe, ƙarfe kaza ka toshe. Shekara uku ana haka, ko harara ba a yi a bakin magudana ba.

Sai ga Si Munji ya dawo daga Tunis. Wata takwas ya yi can yana manna wa wayoyin mutane gilashi a wani shago. Ya tafi yana Munji ɗan Bulgasim, ya dawo yana Injiniya, da tabarau marar magani da jakar kwamfuta rataye a wuya ko banɗaki za shi.

Ranar Juma'a ya zauna a shagon shayin Lutfi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Wallahi tausayinku nake ji," in ji shi. "Manhajar da Naziha ke lallaɓawa ta shekara biyu da fita. Shekara biyu! A duniyar kwamfuta wannan ai gawa ce."

Lutfi mai shayi ya ce, "To gawar nan dai ruwa take ba mu, Si Munji."

"Kai zuba shayi, Lutfi, nan iliminka ya tsaya. Ita tana jira sai an gama an naɗe an miƙo mata kamar mai bara. Ni kuwa na san rumbun da masu rubuta ta suke aiki. Daga can zan kwaso, da zafinta, kamar burodi daga tanda. Abin da mutum ya rubuta a ƙasar Turai da safe, kafin azahar yana shayar da dabinon Ain Tarfa. Ku ba ni rabon ruwan nan ku ga aiki."

Mutanenmu kuwa in suka ji kalmar da ba su gane ba, sai su ɗauka hikima ce. Aka tara ƙungiya, aka yanke: a ba Si Munji mako guda, daga Litinin. Ran Lahadi bayan la'asar a ɗaga hannu, ko shi ko Ammi Shadli. Tsohon ya miƙa makullin ofis ya ɗauki fartanyarsa ya tafi.

Naziha ce ta tsaya a kan Munji yana buga haruffa a baƙin allo, layuka suna ta gangarowa.

Ta ce, "Si Munji, wane reshe kake janyowa?"

"Na gaba-gaba. Wanda ake kan aikinsa."

"Rumbun nan reshe biyu ne. Ɗaya an gama, an gwada, an sa hannu. Ɗayan kuwa kowa na tsoma hannu kullum, yau a rushe gobe a gina. Ga shi nan sun rubuta a sama da manyan baƙaƙe: kada a yi aiki da wannan a gona ta gaske."

"Wannan don irinku aka rubuta, Naziha. Likita ba ya karanta takardar da ke cikin kwalin magani."

"Ɗanyen dabino ne kake tsinka. Kore ne, da kyau a ido, amma sai ka tauna."

"Sabo dai ya fi tsoho. Je ki haɗa mini shayi."

Ta dube shi daga tabarau har takalmi, ta zare ɗan abin ajiyarta mai ɗauke da tsohon jadawali, ta sa a aljihu ta fita. Shayin da bai sha ba ke nan.

Litinin, ana tsakiyar sallar azahar, liman ya kai raka'a ta biyu, sai wayoyi suka ɗauki kuka gaba ɗaya, sahu uku. Ba sau ɗaya ba. Ashe a reshen nan masu aikin sun bar abin gwajinsu a kunne, duk maɓallin da Munji ya taɓa sai saƙo ya tafi wa kowa. Shi kuwa yana ofis yana ta latse-latse kamar mai kiɗan biki. Aka sallame, kowa ya duba: saƙo arba'in da uku, duk iri ɗaya. "Gwaji. Ya kai Manomi Wane, lambunka Kaza zai sha ruwa ƙarfe Kaza."

Liman da kansa ya je ofis. "Munji, wane ne Wane?"

"Alamar lafiya ce, Sidi. Na'ura tana gaisawa da jama'a."

"To ka ce mata ta riƙa bari mu idar."

Talata da sassafe ya sake janyowa daga rumbu, don ya yi alkawarin kullum sai sabuwa. Ashe a daren jiya wani bawan Allah a can ƙasar sanyi ya fara sauya ma'aunin lokaci daga minti zuwa daƙiƙa, ya yi rabi ya tafi barci, kamar yadda yake da iko, tunda ba wanda ya ce masa akwai wani gari da ya rataya dabinonsa a kan aikin da bai ƙare ba. Ranar ce ta lambunan gabas. Lambu na shida na Hajja Mabruka ne, na bakwai na Munji, na takwas na Ammi Shadli, a jere suke.

Hajja Mabruka kuwa ba a taka ta a kwana lafiya. Mijinta ya rasu ya bar mata dabino sittin da rabon awa uku, ta riƙe su shekara goma sha tara da hannunta da bakinta. Saƙo ya zo mata: buɗe ƙarfe tara, toshe ƙarfe tara da minti uku. Ta taka har shagon Lutfi, ƙafa duk taɓo, ta dangwara wa Munji waya a gaban hanci.

"Kai, ɗan Bulgasim. Karanta."

"Halti," in ji Munji, wato inna da yarenmu, "a kira ni Injiniya a gaban mutane."

"Ni na yanke maka cibiya, in na ga dama in kira ka jaki. Minti uku! Dabino zan shayar ko alwala zan yi?"

"Sabon ilimi ne, Halti. Bincike ya nuna itace ba ya buƙatar ruwa da yawa kamar yadda tsofaffi..."

"To kai ma daga yau cokali uku na kuskus za ka riƙa ci, mu ga binciken a jikinka. Ubanka da jaki ɗaya ya raba ruwan biki bai yi kuskure ba, kai ga ka da jaka da tabarau. Allah wadaran naka ya lalace."

Shago ya kwashe da dariya, har wani ya ƙware da shayi. Munji ya ƙullaci Hajja a ransa.

Laraba ya janyo kuma. Mutumin ƙasar sanyi ya farka ya gyara lokacinsa, sai dai wani daban ya kwance wurin da ke jera mutane bi da bi. Manoman yamma su tara suka sami saƙo ɗaya: ƙarfe goma. Ƙarfe goma kuwa ga su a bakin magudana guda, kowa da fartanya, kowa yana ɗaga waya sama kamar takardar kotu.

"Nawa ne!"

"Naka a gidan wa? Ga shi a rubuce!"

"Ni ma a rubuce yake, makaho!"

Surukai biyu suka shaƙe juna. Hadi mahauci ya shiga raba su, aka ture shi cikin magudana, ya toshe ta da jikinsa ɗaf, ruwa ya haura ya bi hanya ya shiga kejin kajin liman. Munji ya iso yana ɗaga hannu.

"Jama'a, ku kwantar da hankali! Haka manyan ƙasashe suka fara!"

Hadi, daga cikin ruwa, ya ce, "Zo ka ciro ni, babbar ƙasa."

Mai hankali da nan ya tsaya ya nemi Naziha. Munji sai ya koma ofis da la'asar ya kulle ƙofa. Abu biyu ke cinsa: dariyar da Hajja ta sa aka yi masa, da 'ya'yan dabino goma sha biyu da ya dasa bana, waɗanda su ma ranar Talata minti biyu suka samu. Ya lalubo wurin da manhaja ke raba awanni, ya cusa layi ɗaya na kansa: a cire awa biyu daga lambu na shida, a ƙara wa lambu na bakwai. Tsohuwa ce, ya ce a ransa, za ta ɗauka na'ura ce ta sake yi mata.

Shi rumbun nan kuwa yana da ɗabi'a: ba ya karɓar gyara sai an sa suna da ɗan bayani, ya ajiye tare da rana da lokaci. Munji ya ji a wani bidiyo cewa manyan injiniyoyi suna sa hannu a aikinsu. Ya gyara zama ya rubuta: "Gyara na musamman daga hannun Injiniya Munji bin Bulgasim. A koya wa tsohuwa ladabi." Ya karanta sau biyu, ya yi wa kansa murmushi.

Alhamis da asuba ya janyo sabuwa kamar kullum, bai karanta ko layi ɗaya daga bayanan da suka biyo ta ba. Da ya karanta, da ya ga wata daga cikin masu aikin ta sauya yadda ake ƙirga lambuna, ta fara daga sifiri maimakon ɗaya. Kowane lambu ya ja baya da lamba guda. Na Hajja ya koma na biyar. Na shida yanzu na Munji ne, na bakwai kuwa na Ammi Shadli. Rabon Munji kuma dama awa biyu ne cif.

Ya ce wa matarsa Dalila in saƙo ya zo ta buɗe ruwa, shi za shi birnin Tuzar ya sayo kwat ya ɗauko hayar majigi saboda taron Lahadi. A tashar mota Ammi Shadli ya tare shi, waya a hannu.

"Munji, an ba ni awa huɗu. Nawa biyu ne."

Munji ko kallon wayar bai yi ba. Ya ɗaga murya don direbobi su ji. "Ammi, na'ura ba ta kuskure. Abin da ta ba ka, ka sha. Zamanin lissafi da yatsu ya wuce."

"Ka duba dai."

"Na ce ka sha!"

Tsohon ya juya ya kalli direbobi. "Kun ji?" Suka ce sun ji. Ya tafi ya sha.

Dalila ta wuni da waya a cinya, saƙo bai zo ba. Munji ya dawo da kwat ruwan toka, ya ce matsalar layin waya ce, jahilci ne ya sa ba ta gane ba. Asabar ma shiru. Sai da rana ta take ya je lambu da kansa. Ƙasa ta tsage kamar diddigen manomi, 'ya'yan dabinonsa sun sunkuyar da kai. Ya leƙa hagu, na Hajja Mabruka shar, ita ce ma zaune a inuwa tana ɓare rumman. Ya leƙa dama, na Ammi Shadli ya zama tafki, kwaɗi suna ta raha.

Ya ruga ofis ya duba layinsa. Yana nan daram: a cire daga na shida, a ƙara wa na bakwai. To ina ruwan ya bi? Ba zai iya tambayar kowa ba, don tambayar kanta tonon asiri ce. Sai ya yi abin da irinsa suka iya, ya fita kasuwa yana ihu.

"An yi mini zagon ƙasa! Shadli da Naziha sun shiga na'ura ta bayan gida sun karkatar da ruwana! Ku je ku ga lambunsa! Shekara ashirin da shida ashe ɓarawo muka sa tsaro!"

Lutfi ya ce, "Ammi Shadlin da ko lambar 'yarsa sai ni nake nemo masa a waya?"

"Shiru-shiru ba tsoro ba ne, makirci ne. Gobe zan fallasa su a majigi, kowa ya gani da idonsa."

Maganar ta kama wasu, don tafkin kowa ya gan shi. Ranar nan akwai waɗanda suka wuce Ammi Shadli ba sallama. Tsohon ya shiga gida bai fito sallar la'asar a masallaci ba, abin da ba a taɓa gani ba.

Lahadi aka cika ɗakin ajiyar dabino, maza a gaba, mata a gefe, aka rataya farin zanen gado a bango. Munji ya shigo cikin kwat a tsakiyar zafin Yuli, gumi na bin wuyansa. Ya yi jawabi na rabin awa a kan zamani da masu hana ruwa gudu, yana yi yana kallon Ammi Shadli.

"Kafin in tona asirin maciya amana," in ji shi, "bari in nuna muku abin da ba a taɓa yi a ƙauyen nan ba. A gabanku zan janyo aikin yau daga rumbun duniya. Ku zuba ido."

Ya ɗaga yatsa sama, ya sauke a kan maɓalli.

Layuka suka gangaro a zanen gado, sannan suka tsaya cak. Jan rubutu ya fito. Ashe a safiyar nan wani ya taɓa daidai wurin da Munji ya cusa layinsa. Rumbun kuwa in gyara biyu suka yi karo a wuri ɗaya ba ya zaɓa da kansa, sai ya baje su duka biyun, nasu da naka, ya ce mai shi ya zo ya raba gardama.

Munji ya fara latse-latse. "Ƙaramin abu ne. Kutsen Naziha ne ya..."

Hajja Mabruka ta ce, "Naziha, tunda sunanki aka kira, tashi ki karanta mana. Idona ba ya ganin yaren nan."

"Ba ta da izini!"

Hadi mahauci ya ɗora masa hannu a kafaɗa, Munji ya zauna ba tare da ya yi niyya ba.

Naziha ta matsa gaban zane. "Na ƙasa nasu ne, yana cewa kowa a ba shi gwargwadon rabonsa. Na sama kuwa daga kwamfutar nan aka rubuta shi. Yana cewa a cire awa biyu daga lambu na shida, a ƙara wa na bakwai."

Kowa a Ain Tarfa ya san lambu na shida, ya san na bakwai.

"Su suka sa! Sharri ne!" in ji Munji.

"Bari mu tambayi kundi," in ji Naziha. "Rumbun nan ba ya mantuwa." Ta buga kalma biyu, jerin gyare-gyare ya fito. Ta karanta a hankali kamar mai karanta wasiyya. "Laraba, ƙarfe biyar da minti goma sha biyu na yamma. Gyara na musamman daga hannun Injiniya Munji bin Bulgasim. A koya wa tsohuwa ladabi."

Wata mata ta ce, "La ilaha illallahu."

Liman ya ce, "To in haka ne, yaya aka yi ruwan ya faɗa lambun Shadli?"

Naziha ta gangara layi ɗaya. "Alhamis da asuba ya janyo gyaran wata baiwar Allah. Ta ja lambobi baya da ɗaya, ta kuma rubuta: hattara, lambobi sun sauya. Bai karanta ba. Na shida ya zama nasa, na bakwai ya zama na Ammi Shadli." Ta juyo ta fuskanci jama'a. "Ya je satar ruwan Hajja, ya saci na kansa, ya kai wa mutumin da yake so ya tsige."

Wani direba ya miƙe daga baya. "Kuma a gabanmu tsohon ya ce masa ya duba, ya ce a sha!"

Dariyar da aka yi ranar nan har jakunan waje sai da suka amsa. Hadi ya riƙe ciki yana buga bango, liman ya rufe fuska da hannun riga kafaɗunsa na rawa. Dalila ta tashi daga cikin mata ta ce, "Kwana biyu ina gadin waya, har da ce mini jahila!" Ba a ma ƙirga hannu ba. Lutfi ya zare makullin ofis daga aljihun kwat ɗin ya kai wa Ammi Shadli. Tsohon ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Naziha, tsohon jadawalin yana nan?" Ta taɓa aljihunta. Ya ce, "Gobe ƙarfe shida." Iyakar jawabinsa ke nan.

Munji ya rungumi jakarsa ya nufi ƙofa a sunkuye, sai ya tarar da Hajja Mabruka ta cika ta. Tun ana dariya ta fita, ta dawo da zangarniyar dabino kore shar, wanda ko launi bai fara ba.

"Ina za ka, Injiniya? Ai ba a sallami baƙo ba abinci. Naziha ta ba ni labarin abin da ka gaya mata. Ka ce sabo ya fi tsoho. Ga na gaba-gaba, yanzu na tsinko, da zafinsa."

"Halti, don girman Allah..."

"Yanzu na zama Halti? Ai tsohuwa ce ni, ladabi nake koyo. Buɗe baki."

Ya dubi hagu, Hadi. Ya dubi dama, matarsa, ita ce ma ta fi kowa matsowa. Ya tsinki ɗaya ya jefa a baki ya tauna. Fuskarsa ta tattare wuri guda kamar bakin jaka, harshe ya manne a ganɗa, tabarau ya zamo ya faɗi.

Hajja ta sunkuyo. "Yaya ka ji shi?"

Si Munji ya buɗe baki zai yi bayani, karo na farko tun dawowarsa daga Tunis, magana ta ƙi fita.

"Madalla," in ji Hajja Mabruka. "Wannan gyaran ya yi. Naziha, rubuta a kundi, ki sa sunana."